Karatun Aikin Taimakon Jama'a: Daga Tondibiya Zuwa Ƙetaren Kogi

Tondibiya gari ne a bakin kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, yamma da tsakiyar birnin Yamai. Sunan na Zabarmanci ne: tondi shi ne dutse, bi kuma baƙi. Yawancin ƴan Nijar sun san garin ne saboda barikin da ake horar da soja a wurin. Amma bayan soja akwai manoma, da masu lambu a bakin ruwa, da masunta, da ƴan ƙwadago masu shiga birni da safe su komo da yamma. Ƴaƴansu suna zuwa makaranta kamar na kowa. Idan aka tambayi uba abin da yake so ɗansa ya zama, sau da yawa zai ce soja, ko ɗan duwan, ko malamin makaranta. Idan ɗiya ce, wani uban zai yi dariya kawai, ya ce ai aure yana jiranta.

Akwai wani aiki da iyaye ba su cika ambata ba, alhali kuwa babu gidan da ba ya bukatarsa. Shi ne aikin taimakon jama'a. A cikinsa akwai ma'aikacin jinya, da ungozomar asibiti, da malamin tsabta, da malamin gona, da kuma wanda ake kira asistan sosiyal, wato ma'aikacin da ke bin matsalar mutum tun daga asibiti har cikin gidansa. Dukkansu karatu ake yi kafin a zama su. Makarantun suna nan cikin Yamai, wasu a wannan gefe na kogi, wasu a ƙetare.

Wane ne asistan sosiyal?

Kowa ya san aikin likita da na ungozoma. Na asistan sosiyal ne ba a sani ba sosai, don haka bari mu daɗe a kansa.

A ce wani mai lambu ya kai matarsa asibiti bayan ta yi kwana biyu tana naƙuda a gida. An ciro jaririn ba rai. Bayan ƴan kwanaki sai fitsari ya soma zubo mata dare da rana, ba ta iya riƙe shi. Wannan shi ne yoyon fitsari. Ba aikin iska ba ne, ba kuma sammu ba. Kan jariri ne ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, sai huda ta samu. Likita yana iya ɗinke hudar. A Yamai akwai cibiya ta ƙasa da aka keɓe don wannan ciwo, akwai kuma asibitin Danja kusa da Maraɗi, wanda ya buɗe sashensa na yoyon fitsari a 2012.

To, amma kafin matar ta isa hannun mai ɗinki akwai tambayoyi da yawa. Wa zai gaya mata cewa ciwon yana da magani? Wa zai zauna da mijin da uwar mijin, ya bayyana musu cewa ba laifinta ba ne? Ina kuɗin mota? Wa zai riƙe sauran ƴaƴanta? Idan gidan ba shi da ƙarfi, wa zai bi takardar shaidar rashin ƙarfi a ma'aikatar magajin gari, don a sauƙaƙa musu kuɗin asibiti? Bayan an yi aikin, wa zai tuna wa mijin cewa sai an yi watanni kafin su sake kusantar juna, kuma haihuwa ta gaba a asibiti za a yi ta? Likita ba shi da lokacin wannan duka, domin wasu marasa lafiya suna jiransa a layi. Aikin asistan sosiyal ke nan.

Wata mai bincike ƴar Amurka, Alison Heller, ta bi mata 100 masu yoyon fitsari a Nijar cikin shekarun 2010. Ta samu cewa da yawansu sun yi watanni suna zaune a cibiyoyi suna jiran a yi musu aiki, kuma ba kowace ke warkewa da aiki ɗaya ba. Ta kuma samu cewa ba duka ne mazansu da danginsu suka guje su ba, saɓanin abin da ake yawan faɗa. Wani lokaci doguwar jiran da nisa da gida su ne suke raunana auren. Ma'aikacin da ya san haka ba zai bar mace ta yi wata shida a cibiya babu labarin gidanta ba.

Ba asibiti kaɗai ake samunsa ba. Yana aiki wurin alƙalin yara, idan yaro ya yi laifi ko an cuce shi. Yana aiki da naƙasassu da marayu. Lokacin ambaliyar 2020, da kogi ya fasa madatsa ya shiga Lamorde da wasu unguwannin Harobanda, sai da aka bi gida gida ana rubuta sunayen waɗanda ruwa ya kora, da yawan ƴaƴansu, da abin da suka rasa. Irin wannan rubutu yana son mai ilimi, mai amana. Idan aka yi shi da son kai, taimako yakan tafi gidan da ba ya bukata, mai bukata ya kwana da yunwa.

Makarantun da ke akwai

Ta farko ita ce makarantar gwamnati ta koyon aikin lafiya, wadda ake kira ENSP. Tana Yamai, tana kuma da ƴar'uwa a Damagaram. Ta Yamai tana ɗauke da sunan Damoure Zika. Ɗan Sarkawa ne masu kamun kifi, ya zama ma'aikacin jinya, ya daɗe yana duba marasa lafiya a Lamorde. Duniya ta san shi ta finafinan da ya yi da Bafaranshe Jean Rouch. Ya rasu a 2009. Ɗan masunci na Tondibiya ya kamata ya san wannan: sunan ɗan masunci ne a ƙofar makarantar.

Ƙofa biyu ce. Mai takardar birbe, wato wanda ya gama kwaleji, yana iya yin shekara 3 ya fito ƙaramin ma'aikacin lafiya. Mai takardar bak, wanda ya gama lise, yana yin shekara 3 ya sami lisansi a aikin jinya, ko ungozomanci, ko aikin awon jini da fitsari, ko aikin kula da jama'a.

Ta biyu ita ce Jami'ar Abdou Moumouni, a ƙetaren kogi. An soma ta a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, aka sa mata wannan suna a 1992. Abdou Moumouni haifaffen Tasawa ne, masanin hasken rana, ya rasu a 1991. Tun a 1964 ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka, inda ya nemi a riƙa koyar da yara da manya cikin harsunansu. A jami'ar akwai sashen koyon likitanci, inda karatu yake kai shekara 7 ko fiye, ɗalibai suna koyon aiki a asibitin Lamorde da ke kusa da sauran manyan asibitocin birni. Akwai sashen aikin gona. Akwai kuma inda ake karanta ilimin zaman jama'a da ilimin halayyar ɗan Adam, kuma daga nan ne ƙungiyoyin agaji da ayyukan raya karkara suke samun ma'aikata da yawa. A da, duk mai zuwa jami'a sai ya bi ta gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. A 2021 an buɗe gada ta uku, mai sunan Janar Seyni Kountché, a saman gari, ita ce ta fi kusa da mutanen wannan ɓangare.

Wanda zuciyarsa ke gona yana da makarantar Kollo, kudu da Yamai, inda aka daɗe ana horar da malaman gona da na dabbobi da na gandun daji. Kada a ce wannan ba aikin taimako ba ne. Mai lambu da ya fesa maganin ƙwari a kan salati yau ya kai kasuwa gobe, ba mugunta ce ta sa shi ba, babu wanda ya karanta masa abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Yaran da ke wanka a ruwan fadamar shinkafa su koma gida suna fitsarin jini, tsargiya ce, kuma ƙananan katantanwa na cikin ruwan ne ke ɗauke da ita. Malamin gona da malamin tsabta a bakin ruwa guda suke haɗuwa.

Ƴan Maraɗi da Damagaram da Tawa ba dole ne su zo Yamai ba, tun da an kafa musu jami'o'insu a 2010.

Me ake koya?

Ɗalibi yana karanta yadda jikin mutum yake aiki, da tsabta, da abinci mai gina jiki. Yana karanta yadda yaro ke girma, da yadda baƙin ciki ko tsoro ke canza halin mutum. Yana karanta dokokin da suka shafi yara da iyali da naƙasassu. Yana koyon lissafin ƙidaya, don ya iya cewa yara nawa aka auna a wata, nawa suka rame, nawa suka warke. Kowace shekara ana tura shi istaj, wato koyon aiki a hannun manya, a asibiti ko a CSI, cibiyar lafiya ta unguwa, wani lokaci a ƙauye mai nisa. A ƙarshe yana rubuta ɗan littafi a kan wata matsala da ya bincika, ya kare shi a gaban malamai.

Akwai darasi biyu da suka fi sauran nauyi a ganinmu. Na farko saurare. Matar da ta kawo yaro ramamme karo na uku, abu ne mai sauƙi a yi mata faɗa a ce ba ta kula. Wanda ya koyi saurare zai tambaye ta a hankali. Watakila mijin ya tafi cin rani bai aiko da komai ba. Watakila abincin gyaɗa na leda da aka ba yaron, yayyensa ne suke rabawa da shi don su ma yunwa suke ji. Watakila ta yaye shi da wuri don ta sami wani ciki. Kowace amsa da nata magani. Na biyu riƙe sirri. A unguwar da kowa ya san kowa, ma'aikacin da ya fitar da maganar mutum ɗaya ya kori mutum goma daga asibiti.

Karatun duka da Faransanci ake yin sa. A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma littattafan likitanci da na doka har yanzu na Faransanci ne. Mara lafiya kuwa da Zabarmanci ko Hausa ko Fulatanci zai faɗi ciwonsa. Yaron da ya tashi a gari irin Tondibiya, yana jin Zabarmanci a gida da Hausa a kasuwa, ya riga ya sami abin da makaranta ba ta koyarwa.

Takarda ba ta isa ba

A nan sai mu faɗi abin da ba shi da daɗin ji. A 2003 wasu masana biyu, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun fitar da sakamakon binciken da aka yi a cibiyoyin lafiya na manyan birane 5 na Afirka ta Yamma: Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai. Abin da aka gani kusan iri ɗaya ne ko'ina. Mara lafiyar da ba shi da sani a wurin, sau da yawa ba a gaishe shi, ba a duba fuskarsa, ba a bayyana masa ciwonsa. Wanda ke da ɗan'uwa a cikin ma'aikata kuwa ana wuce da shi gaba. Mata masu naƙuda sun yi kukan tsawa da zagi. Masu binciken ba su ce ma'aikata mugaye ne ba. Sun nuna ƙarancin albashi, da rashin kayan aiki, da kuma yadda ɗan istaj yake kwaikwayon abin da ya tarar manyansa suna yi, ya ajiye abin da ya karanta a aji.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Matar da aka wulaƙanta a haihuwar farko, ta biyu a gida za ta yi ta, kuma a irin wannan ne naƙuda ke yin tsawo. Don haka uban da ke shirin tura ɗansa wannan karatu ya fara duba halin yaron. Yana da haƙuri da tsoho? Yana iya zama kusa da mara lafiya ba ya ƙyama? Idan albashi kaɗai yake hange, akwai wasu ayyuka.

An ga kuma abin da ke faruwa idan aka kai ma'aikata kusa da jama'a. Daga 2001 aka shiga gina ƙananan gidajen likita a ƙauyuka, waɗanda ake kira kaz da sante, har suka kai wajen 2,000. A 2006 aka yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da kuɗin awon ciki, ko da yake gwamnati ta sha yin jinkiri wajen biyan asibitoci, magani ya riƙa yankewa. Duk da haka wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna cewa a 1998, cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijar, 226 suna mutuwa kafin su cika shekara 5, a 2009 kuwa adadin ya sauko zuwa 128. A 2013 aka tabbatar ƙasar ta rabu da kurkunu. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da ciwon makantar kogi. Magani da gidan sauro da rigakafi ba su da ƙafa. Mutane ne suka kai su ƙauye, suka yi bayani, suka koma suka duba. Har yau likitoci ba su kai ɗaya ga mutum 10,000 ba, kuma da yawansu a Yamai suke.

Maganar ƴaƴa mata

Mata da yawa ba su yarda namiji ya duba su lokacin ciki ko haihuwa, wasu mazan ma ba su yarda ba. To, daga ina ungozoma mace za ta fito? Daga gidan da aka bar ɗiya ta kai birbe ko bak. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa mata 3 cikin 4 a Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun ɗiya mace har ta kai shekara 16. Doka tana kan takarda, hukunci yana hannun uba da uwa. Mutumin da ya cire ɗiyarsa daga aji, sa'an nan ya yi fushi don ya tarar da namiji a ɗakin haihuwa, ya kamata ya sake tunani. Aure kuma ba ya hana wannan karatu idan miji ya yarda. A makarantun lafiya akwai matan aure, wasu har da goyo.

A yankin Damagaram an gwada wata dabara tun wajen 2008, wadda ake kira makarantar mazaje. Magidanta masu mutunci suna haɗuwa da ma'aikatan CSI, su tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti, su kai maganar ga sauran maza a majalisa. Wanda ke jagorantar irin wannan zama, sanin mutane yake bukata fiye da sanin allura.

Abin da iyaye za su duba

Makarantun gwamnati ana shigarsu ta jarrabawa, wurare kuma kaɗan ne. Wasu ɗalibai suna biyan kuɗi da kansu. Makarantun lafiya na kuɗi sun yi yawa a Yamai da sauran birane. Wasu na ƙwarai ne, wasu allo ne kawai a bakin ƙofa. Kafin a sayar da sa ko a jinginar da lambu, a je da wanda ya iya karatu, a nemi ganin takardar izinin gwamnati. A tambaya ko ɗalibansu suna zama jarrabawar ƙasa, da asibitin da suke zuwa istaj. A nemi wanda ya gama can a ji daga bakinsa. Kuɗin makaranta ba shi kaɗai ba ne: akwai na mota kullum daga Tondibiya zuwa cikin gari, da farar riga, da takardu, da abincin rana, har shekara 3.

A kuma sani cewa takarda ba ta zuwa da aiki a hannu. Masu babbar takarda sukan yi bautar ƙasa ta shekara 2. Da yawa suna daɗewa suna aikin kwantaragi, wasu ma aikin sa kai, kafin gwamnati ta ɗauke su. Wanda aka ɗauka kuma ana iya tura shi Difa ko Agadas ko wani ƙauye da babu lantarki. Gara a yi wannan magana a gida tun farko, musamman idan ɗiya ce, a san wanda zai raka ta da inda za ta zauna.

Mai karanta wannan jarida, wanda ya koyi karatu da girmansa, shi ma yana da ƙofa. Kowace cibiyar lafiya tana aiki da wakilai na unguwa da ƙauye, waɗanda ake kira rele. Jama'a ne ke zaɓensu, ana kuma son wanda ya iya karatu da rubutu, domin yana cika rajista. Su ne suke bin gidaje da damina suna ba yara maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, aikin da aka soma a Nijar a 2013. Su ne suke auna hannun yaro da ɗan zare mai launi uku. Kore lafiya, rawaya a kula, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, a kai shi likita a ranar. A Mirriya, cikin yankin Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata yin wannan awo da kansu, aka ga suna gano yaro mai tamowa da wuri, tun ciwon bai yi nisa ba. Mai son shiga wannan aiki sai ya ga shugaban CSI na unguwarsa ko mai gari, ya tambayi lokacin da za a sake zaɓen wakilai.